Adireshin Gidan Hajiya Zinariya

Ana sallame sallar Juma'a a Maigatari, tun Sufeto Yahuza bai gama laluben takalminsa a ƙofar masallaci ba, wayarsa ta ɗauki ruri. Kofur Manu ne daga caji ofis.

"Yallaɓai, an fasa siton Hajiya Zinariya. An kwashe riɗi, maigadi kuma yana kwance cikin jini."

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ya san Hajiya Zinariya. Tun rasuwar mijinta take sayen riɗi da zoɓo daga manoman Sule Tankarkar da na tsallaken iyaka, tana tarawa a sitonta na bayan tashar manyan motoci. Kasuwa ranar Alhamis take ci, saboda haka ranar Juma'a sito cike yake maƙil. Ɓarayin nan ba baƙin wannan labari ba ne.

Sufeto ya tarar da ƙofa a wangale da sawun babbar mota a cikin yashi. Maigadin, Baba Sallau, an riga an wuce da shi asibiti a Gumel. Wata mai fura da ke zaune a tsallaken titi ta ce tsohon ya kama hanyar masallaci kamar yadda ya saba, sai ya tuna ya bar dardumarsa, ya juyo. Juyowar nan ce ta haɗa shi da su.

A kowace kusurwa ta siton akwai kyamara. Sufeto ya shiga ɗan ofishin da ake kallon su, ya tarar da allon baƙi ƙirin.

Mutum ɗaya ya faɗo masa a rai. Aminullahi ne ya ɗaura kyamarorin nan, shi ya ja wa Hajiya intanet a sito da kuma gidanta na Gumel. Maraya ne da ya tashi a hannunta. Shi kuwa Sufeto, tun firamare suke tare da shi, benci ɗaya, kwano ɗaya. Da aka haifa wa Aminullahi ɗansa na fari, sunan Yahuza ya raɗa masa. Da za a ce Sufeto ya nuna mutum ɗaya a duniya da zai ba ajiyar ransa, ba zai tsaya dogon tunani ba.

Kafin la'asar Aminullahi ya iso, yana haki.

"A Gagarawa na yi Juma'a, ina wani aikin sola. Ina jin kiranka na kamo hanya. Yaya jikin Baba?"

"Sai addu'a. Duba mana abin nan naka."

Ya buɗe kwamfutarsa, ya jona waya, ya yi ta danne-danne. Can ya ɗago kai.

"Mutumina, daga nesa aka kashe su, aka goge hoton yau gaba ɗaya. Amma wawan ya bar sawu. Ka ga wannan lambar? Adireshi ne. Duk na'urar da ta hau intanet tana da nata, kamar zanen yatsa. Ba ya ƙarya."

"Na wane ne?"

Aminullahi ya sa hannu ya share ido.

"Wallahi bakina ya yi nauyi. Na gidan Hajiya ne. Layin kuma da sunan Abdulbaqi aka yi rajistarsa."

Abdulbaqi shi ne ɗan Hajiya na fari, kuma shi kaɗai ne namiji. Bara ya gama karatu ya dawo, ta damƙa masa makullan sito.

Motar ofis ta bi sawun ɓarayi, don haka a motar Aminullahi suka nufi Gumel. Tun karin safe Sufeto bai sa komai a cikinsa ba. Hancinsa ya jiyo ƙamshi, ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo kula. Dambun zogale ne, ya sha man gyaɗa, ko taɓa shi ba a yi ba.

"Kai, ka ajiye wannan kana tuƙi da yunwa?"

"Ci abinka. Maman takwaranka ce ta zubo mini."

A murfin kular akwai ɗigon jan fenti, irin shaidar da mata ke yi wa kwanukansu don kada su salwanta a gidan biki. Sufeto ya gani, ya cinye dambu tas, ya manta.

Abdulbaqi bai ba su wahalar kamu ba. A ofis Sufeto ya zaunar da shi.

"Ina ka yi sallar Juma'a?"

"A nan Gumel."

"Wane masallaci? Kusa da wa ka tsaya?"

Yaron ya fara in-ina. Ya ambaci wani maƙwabci, aka kira maƙwabcin ya ce rabonsa da ganin Abdulbaqi tun Alhamis. Aka kuma ji cewa kwanan baya sun yi sa-in-sa da mahaifiyarsa har murya ta fito waje. Ga adireshi, ga ƙarya, ga faɗa. Sufeto ya sa aka wuce da shi bayan kanta a Maigatari, zuciyarsa a kwance.

Da safiyar Asabar Baba Sallau ya cika. Fashi ya koma kisan kai.

Bayan an kai shi makwanci Hajiya Zinariya ta zo caji ofis. Ba ta nemi ganin ɗanta ba, ba ta kawo masa abinci ba. Kamar kowace uwa mai alkunya, tunda ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, yau ma ba ta faɗa ba.

"Sufeto, Sallau a kafaɗa ya riƙa ɗaukar yaron nan yana kai shi makaranta. In har shi ne, kada ku saurara masa don ni. Ranar da kuka kai shi kotu, ranar zan ɗaga masa nono, ya nemi wata uwar."

Ta faɗi haka idonta a bushe. Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya riga ya ce ranar Talata za a gurfanar da yaron.

Tunda magana ta kai ga rai, hedikwata a Dutse ta turo mai duba na'urori. Mataimakiyar Sufuritanda Tayyiba ce, mace mara yawan magana, wadda ba ta karɓar bayanin kowa sai ta taɓa abu da hannunta. Ranar Lahadi ta zauna a ofishin sito ita da Sufeto, ta ɗauki lokaci tana dubawa.

"Sufeto, wa ya ce maka adireshi zanen yatsa ne?"

"Wanda ya haɗa na'urorin, ranki ya daɗe."

"To, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya san shi fiye da kima."

Ta nuna masa ƙaramin akwati mai ƙyaftawa a jikin bango.

"Lokacin da aka tsara intanet, adireshi wajen biliyan huɗu aka yanka, ana ganin sun isa har abada. Tun kafin waya ta shiga aljihun kowa masana suka hango ba za su kai ko'ina ba. Shi ne aka fito da dabarar da ake ce wa NAT. Gida guda a ba shi adireshi guda, komai yawan wayoyin da ke cikinsa. Wannan akwatin, rauta, shi ke zaune kamar dattijo a zaure. Waya ta ciki ta ba shi saƙo, ya cire sunanta ya sa na gidan, ya aika. In amsa ta dawo, shi kaɗai ya san ta wace ce, ya miƙa mata."

"Wato na waje gidan kawai yake gani."

"Gidan kawai. Wannan lambar ta ce maka saƙo ya fito daga gidan Hajiya. Ba ta ce maka hannun wa ba. Duk wanda ya san lambar sirrin gidan, ko a bayan katanga yake tsaye, da sunan gidan zai fita."

Sufeto ya yunƙura zai tashi.

"Ban gama ba," in ji ta. "In baƙo ya zo daga waje da saƙon da ba wanda ya nema a ciki, dattijon bai san wanda zai ba wa ba, sai ya watsar. Ba don tsaro aka ƙirƙiro shi ba, ƙarancin adireshi ne ya haife shi, tsaron tsintuwa ce, shi ya sa ba a dogara da shi shi kaɗai. Amma dai kyamarorin nan a bayan irin wannan zauren suke. Daga Gumel ba mai iya taɓa su sai an buɗe musu ƙofa ta musamman a cikin rautar nan. Ga ta nan kuwa a buɗe. Hajiya tana kallon sito daga gida?"

Sufeto ya kira Hajiya nan take. Ta ce ita ba ta ma san ana iya yin haka ba.

"To wa ke da lambar sirrin rautar sito?" in ji Tayyiba.

Ya san amsar. Sai dai ya kauce mata.

"Wataƙila yaron ne ya leƙa ya sace ta."

"Wataƙila. Amma wanda ya iya goge hoton yini guda ya iya goge layi ɗaya. Wannan sawun ba mantuwa ba ce, Sufeto, ajiye maka shi aka yi. Rautar gidan kuwa ba za ta taimake ka ba, ƙanana irinta da wuta ta ɗauke sun manta komai. Ka je ka tambayi mutane."

Ya koma wajen Abdulbaqi. Yaron ya zabge, idanunsa sun yi ja.

"Ka daina yi mini ƙarya. Rataya ake magana yanzu. Ina ka je ranar Juma'a?"

"Hajiya ta zo?"

"Ni nake tambaya."

Ya sunkuyar da kai. "Ɗanzomo na je, wajen Baffana. Ba shi da lafiya. Tun rabon gadon Abba Hajiya ta yanke hulɗa da su, ta ce in na taka gidan ba ta yafe ba. A kan haka muka yi faɗa. Gara ku tsare ni da ta ji."

Sufeto ya sa Kofur Manu ya hau babur zuwa Ɗanzomo. Kafin magariba ya bugo waya. Liman da kansa ya shaida yaron, a sahun gaba ya yi salla, yana riƙe da hannun baffansa.

Ke nan a lokacin da aka kashe kyamarori, Abdulbaqi ba ya Gumel. Maza duk suna masallaci. Sufeto ya tuna da mai furar Maigatari, kunya ta kama shi. Ya tambayi maƙwabta, ya tambayi masu shago, amma ko sau ɗaya bai nemi jin ta bakin matan gidan ba.

Litinin da hantsi ya isa gidan Hajiya shi da Kofur Manu. Ranar ake addu'ar ukun Baba Sallau, an shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin titi. Aminullahi na ta kai da komo a matsayinsa na ɗan gida, yana raba ruwa, yana karɓar gaisuwa. Ya hango Sufeto ya ɗaga masa hannu.

Sufeto ya nemi iso, aka shigar da shi tsakar gida wajen Inna Ummukulthum, gwaggon Hajiya, tsohuwar da ke riƙe da madafin gidan. Bai gama gaishe ta ba ta tura masa kula.

"Ɗan nan, ci tukuna. Ba a yi mini tambaya da yunwa."

Ya kai hannu zai buɗe, sai ya tsaya. A kan murfin akwai ɗigon jan fenti.

"Inna, wannan shaidar ta wace ce?"

"Tawa ce mana. Duk kwanukan gidan nan haka na yi musu. Ai biyu ne irin wannan, 'yar'uwarta tana wajen Aminu tun Juma'a, ja'irin ya ƙi dawo mini da ita."

"A ina kika ba shi?"

"A nan bayan gida, gindin darbejiya. Na fita zubar da ruwan wanke-wanke na ga motarsa, yana ciki da abin danne-dannensa a cinya. Ana ta huɗuba a lasifika. Na ce, kai Aminu, ba ka tafi masallaci ba? Ya ce cikinsa ne ya murɗa. Tausayi ya kama ni, na koma na zubo masa dambun sadakar Juma'a."

"Me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma mene ne abin faɗa don Aminu ya zo gidansu?"

Sufeto ya kasa cin ko loma ɗaya. Dambun nan shi ya cinye shi, yana santi, yana yi wa abokinsa tsiya, a daidai lokacin da suke kan hanyar zuwa kama marar laifi. A shekarunsa na aiki an yi masa ƙarya iri-iri, ba ta taɓa yi masa ciwo ba, don bai taɓa sa rai da gaskiya daga bakin ɓarawo ba. Wannan kuwa har cikin ƙashinsa ya ji ta.

Ya buga waya Maigatari ya ce a taho da Abdulbaqi. Sannan ya jira aka shafa fatiha, jama'a suka fara watsewa, ya yafito Aminullahi.

"Zo ka buɗe mini but ɗin motarka."

"Lafiya, mutumina?"

"Buɗe."

Kular na can ƙarƙashin tulin wayoyi, an cusa ta cikin buhu. Mayar da ita zai tuna wa Inna ranar, jefar da ita kuma Aminullahi bai samu zuciyar yi ba. Sufeto ya ɗauko ta ya ɗora a kan motar.

"Ka ce maman takwarana ce ta zubo."

Sufeto bai jira amsa ba.

"Ka ce a Gagarawa ka yi Juma'a. Ka ce adireshi zanen yatsa ne. Kai ka buɗe ƙofa a rautar sito, ka zo nan ka raɓe a bayan katanga don saƙonka ya fita da sunan gidan. Ka zaɓi lokacin salla don ka ɗauka ba kowa a unguwa. Ka ƙirga maza, ka manta da matan da suka raine ka."

Gumi ya karyo wa Aminullahi. Ya jingina da mota.

"Ban ce su taɓa Baba ba. Wallahi ban ce ba. Na ga ya fita a kyamara, na ce su shiga, na kashe. Ban san zai dawo ba."

"Su wa?"

Ya ambaci wani direba da yaran motarsa, da gidan da aka sauke riɗin a wani ƙauye kusa da iyaka. Kofur Manu yana rubutawa.

"Me Hajiya ta yi maka?"

Sai a nan muryarsa ta tashi. "Ni na yi dakon buhu a siton nan tun ina yaro. Ni na san kowane manomi da sunansa. Ana ce mini ɗan gida, ɗan gida. Ranar da aka tashi ba da makulli sai aka tuna wanda aka haifa, ni kuma na koma mai gyaran waya. So na yi ta ga irin ɗan da ta zaɓa."

"Ni fa? Me na yi maka?"

Aminullahi ya kawar da kai.

"Kai ne kaɗai na tabbata ba za ka bincika maganata ba."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Sufeto ya ciro ankwa. Kofur Manu ya matso zai karɓa, ya girgiza masa kai, ya sa wa abokinsa da hannunsa.

Hayaniya ta fito da matan gida zaure. Hajiya Zinariya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji komai daga bakin Kofur. Ta daɗe tana kallon Aminullahi, yaron da ta yi wa kaciya, ta yi wa aure, ta biya wa kuɗin koyon sana'ar da ya juyo ya sare ta da ita.

Motar ofis ta tsaya. Abdulbaqi ya fito da kayan da aka kama shi da su, ya tsaya daga nesa, bai san ko yana da sauran gida a nan ba. Ya durƙusa a cikin ƙasa yana gaishe ta kamar baƙo.

"Hajiya, Ɗanzomo na je. Ki yafe mini."

Hajiya ta dube shi. A gaban maza, a gaban 'yan sanda, a gaban duk unguwa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta haife shi.

"Abdulbaqi," ta ce. "Abdulbaqi, taso ka shigo gida."

Aka tura Aminullahi cikin motar da ta kawo yaron, a kan kujerar da ya tashi. Ta taga ya dubi Sufeto.

"Yahuza, in takwaranka ya tambaye ka, ka ce masa na yi tafiya."

"Na gama ɗaukar maganarka ina kai wa mutane," in ji Sufeto.

Direba ya tayar da mota. Inna Ummukulthum ta dogaro sandarta har bakin tagar, ta leƙa tana duban ankwar da ke hannun Aminullahi. Sufeto ya miƙa mata kularta, ta ƙi karɓa.

"Aminu," ta ce, "da ka ce cikinka na ciwo, sai da na koma na ƙara maka mai."